Azumin Haske Talatin Cur

In ka sauka tashar Filinge ka tambayi inda Haske mai kopto take, ko jakin amalanke ka tambaya sai ya nuna maka da kunne. Tana nan gindin itacen bedi kusa da masu facin taya, da ƙatuwar tasar zogale kwaɗaɗɗe da ƙuli-ƙuli da albasa, abin nan da munka ari bakin Zabarmawa muke ce wa kopto. Shekara ashirin da ɗoriya tana zaune wurin. Direbobin Yamai sun rantse tun daga Baleyara suke fara jin ƙamshin kwaɗonta.

Ni ɗiyar kawunta ce, ita ɗiyar gwaggona, wato taubasai muke, kuma shekarunmu kusan ɗaya. Ta wajen al'ada baiwata ce, kuma ina da izinin in gaya mata duk abin da ya zo bakina tun daga zanen goyo har likkafani. Wanga izini shi ya kusa kashe mata aure.

An haife ta a Shikal, shekarar da anka raba jar dawa saboda yunwa. Takardarta ta ce wajen 1975, amma takarda ba ta nan sa'ad da anka yanke cibi. Ta auri Hamani tana so yana so. Haihuwa takwas, shida na raye. Hamani ɗan biɗa ne, irin mazanmu na nan ƙasar Kurfai: ya yi damina guda a gida, ya tahi Abijan ya shekara biyu yana yawo da agogo da tabarau bisa faranti, ya komo da rediyo da tari. Ɗiyan nan shida, tasar kopto ta yi musu wando da littafin lakkwal, wato makarantar boko.

Abin da anka san Haske da shi sanyi ne. Randa ce ta ƙarƙashin rumfa. Cikin watan bazara, sa'ad da ƙadangare ke ɗaga ƙafa don ƙasa ta yi zafi, ita tana bakin murhu goshinta a bushe. Wata rana akuya ta sa kai cikin tasarta ta cinye rabi, duk tasha ta tashi da sanduna, ita kuwa cewa ta yi, "Allah shi sa kin ƙoshi." Ban taɓa jin muryarta ta wuce darni ba.

To, bara sai randar nan ta fara tafasa.

Muna zaune da hantsi, iska na kaɗawa, sai in ga ta zabura ta fizge kallabi, ta ɗau faifai tana fifita kamar mai hura gawayi. Zufa ta keto mata tun daga ƙeya har ƙirji, irin wadda in ka tara ƙwarya za ka shayar da maraƙi. Kafin ka ce mi ya faru, abin ya wuce, sai kuma ta ce sanyi take ji. Da safe takan shanya zanen kwana ya jiƙe sharkaf, ta ce barcin da ta samu bai fi na kaza ba. Ta zuba gishiri sau biyu cikin kopto, wata rana kuma ko sau ɗaya. Gwiwoyinta sunka fara ƙara kamar ƙofar kwano. Wani yaron mota ya ce ta ƙara masa albasa, ta yi masa tsawar da ta sa tattabarun tasha sunka watse. Kuma zanenta, da ke zagaye ta da saura, ya fara gardamar haɗuwa a ƙugu.

Duk wannan mun gani, mun yi dariya, mun ce baiwata ta fara cin ribar tasa ita kaɗai.

A unguwarmu akwai abin da mata ke yi bayan ƙaramar salla. Kwana biyu da idi mukan taru tsakar gidan Inna Dodo, uwar Hamani, wadda ta girmi duk matan unguwa. Kowace ta faɗi kwana nawa ta sha cikin azumi saboda fashin salla, a sa ranar da za a fara ramuwa tare, don azumin mutum ɗaya ya fi dutse nauyi. Mai biyar ta ce biyar, mai bakwai ta ce bakwai, a yi ta ba'a. Tsofaffi ba a tambayarsu. Masu ciki ma ba a tambayarsu, sai dai a yi musu murmushi.

Da anka zo kan Haske, tana tsinkar zogale, kanta a sunkuye, ta ce, "Ni bana ba ni da ramuwa."

Rakiya, ƙanwar Hamani, ta ce, "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Talatin na yi cur. Tun watan azumin tsofaffi ban ga komi ba."

Nan ne Shaiɗan ya hau harshena ya zauna daram. Na tafa hannu na ce, "Ayyururui! Baiwata ta yi abin kai! To ke, Hamani ta cikin waya shika aiko da saƙon, ko ta mota?"

Na jira dariya. Ba wadda ta yi. Na ga idanun mata goma sha huɗu sun sauka kan ƙugun Haske, inda zane ya ƙi haɗuwa, sannan na ga leɓunansu suna motsi suna ƙidaya. Hamani ya yi wata ashirin da barin Filinge. Kuma daidai wannan lokaci, don ƙaddara ba ta da kunya, zafin nan ya taso mata, zufa ta wanke mata fuska gaban kowa. Rakiya ta miƙe ta kakkaɓe zane ta fita ba sallama.

Na bi gida gida ina cewa wasa nake, wasan taubasai ne. Ina! Maganar da ta fita da ƙafa biyu ta komo da ƙafa arba'in. Kafin Juma'a an ce cikin wani direba ne. Kafin ranar kasuwa an san launin motarsa. Matan da ke aiko ɗiyansu sayen kopto sunka daina. Rakiya kuwa ta danna waya ta aika wa yayanta saƙon murya Abijan. Amsar Hamani ta zo gajeriya, anka kunna ta tsakar gida kowa ya ji: "Ina nan tahe. In gaskiya ne, ta tattara kayanta kahin in iso."

Aure na shekara talatin, da ɗiya shida da jikoki uku, ga shi ya rataya bisa azumi talatin.

Na iske ta ɗaki tana zaune bakin gado, hannu bisa ciki. Ta ce, "Zuwaira, ke kin san ni. Wallahi ko inuwar namiji ba ta taɓa ni ba. To mi ag ga cikina? Jini ya tsaya, ciki ya tashi, zuciya na bugawa awa ganga. Mi ne ne wanga?"

Ni da aji biyar ɗina na lakkwal, da na iya sunan kogunan duniya da Faransanci, sai na ce ta sha ruwa ta kwanta.

Inna Dodo ce ta zo da amsa. Ta shigo da sandarta ta ce, "Ku bar kuka. Cikin ɗana ne. Kwanciya yay yi tun tahiyar ubanshi, yanzu ya motsa. Ciki na kwanciya shekara biyu, shina kwanciya goma. Ni na sani." Ta sa anka jiƙa saiwoyi masu ɗaci don a ƙarasa tada shi. Haske ta sha, don ba a yi wa uwar miji gardama, kuma don ita kanta ta fara yarda. Mi ya rage mata ta yarda da shi?

Kwana shida bayan haka, da rana tsaka a tasha, tana miƙa wa wani kopto, jini ya ɓalle mata. Ba irin wanda ta saba ba. Ya yi kwana tara bai tsaya ba, har da gudaji. Da na ji na ce alhamdu lillahi, ga shaida ta zo, mai ciki ba ta fashin salla. Ashe ban san mutane ba. Kafin la'asar labari ya juye: ta ji Hamani na tahowa, ta zubar.

Ran na tara ta tashi ɗaukar tulu jiri ya kwashe ta. Na duba cikin idonta, fari fat kamar nonon da anka tsiyaye. Na ce, "Baiwa, yau uwargijiyarki ta yi umarni. Likita za mu." Inna Dodo ta ce ƙafarta ƙafarmu, ba za a taɓa mata jika ba ta nan. Munka hau amalanke mu uku.

Ungozomar likita, wadda muke ce wa sajifam, wata ce Madam Hamida, gajeriya mai tabarau, ita ma furfura ta fara leƙo mata ƙarƙashin kallabi. Ta sa anka auna fitsari, ta auna jini, ta kwantar da Haske ta duba ta, ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki ta ɗora na'ura tana kallon allo. Sannan ta zauna ta cire tabarau.

"Babu ciki."

Inna Dodo ta ce, "Ya zube ke nan. Innalillahi."

"Inna, ba a yi shi ba balle shi zube. Da ɓari ne, da fitsari ya nuna, da na ga alama a mahaifa. Mahaifarta wayam take kamar rumbu a watan bakwai." Ta juya wajen Haske. "Zafi na taso miki daga ƙirji zuwa kai, ki jiƙe, shi wuce?"

Haske ta buɗe baki. "Wa yag gaya miki?"

"Barci ya gudu? Fushi ba dalili? Mantuwa? Gwiwa? Ƙugu ya ƙaru alhali cinki bai ƙaru ba?"

Haske ta dube ni, ta ɗauka ni na kai tsegumi. Na rantse ban ce uffan ba.

Madam Hamida ta yi dariya ta ɗago wani kwali da ke kan teburinta ta fifita wuyanta. "Kin ga nawa faifan. Shekarunmu ne, 'yar'uwa. Al'ada ce ke ban kwana. Amma ba ta tahiya rana ɗaya, irin baƙon nan ce da ke sallama ya kai ƙofa ya komo ya ce ya manta takalmi. Ta ɓace wata huɗu, ta komo da ambaliya, ta sake ɓacewa. Shekaru takan yi tana haka. Sai kin ƙidaya wata goma sha biyu cur ba ki ga ɗigo ba, sannan ta tahi. Kahin nan, in maigida ya komo, ciki na gaske na iya shiga, sai ki zo mu yi shawara."

Haske ta ce a hankali, "Wato ba ciwo ba ne? Ba iska ba?"

"Ba ciwo ba ne, amma jinin da kinka zubar ya yi yawa, kuma kwana tara kina zaune gida ganganci ne. Ga ƙwayar ƙarin jini. Saiwoyin nan a bar su. Zogalen da kike saida wa mutane, ki riƙa cin rabonki, da wake, da nono, da ƙananan kifi har ƙayarsu, don ƙashi na yin sanyi a shekarun nan. Rage tonka, wato barkono, da shayi mai ƙarfi, su ka tada zafin. Rage gishiri da dunƙulen miya, kuma duk wata ki zo a auna hawan jini. Sa tufa mai shan iska, ajiye ruwa kusa, kada ki daina tahiya da ƙafa. In zafin ya hana ki rayuwa ki komo, akwai abin da za a yi. In kuwa ta shekara da tsayawa kika sake ganin jini, ko ɗigo ne, kada ki kwana gida."

Duk wannan Inna Dodo na jinta tana girgiza kai. Sai ta buga sanda a ƙasa.

"Ɗiyata, karatunki bai kai nan ba. Ni da kaina haka tawa tay yi. Jini yat tsaya, zafi, zuhwa, ciki yat tashi. Anka ce mini ya kwanta. Ga shi nan har yau." Ta dafa cikinta. "Shekara ashirin da huɗu. Wani lokaci ina jin shi shina juyawa."

Wallahi na ji kamar an ɗauke rufin likitan an aza mini a ka. Tsohuwar da ta haura saba'in, da ba ta da haƙorin tauna goro sai an daka mata, ashe tana jiran haihuwa! Na buɗe baki in yi abin da na saba, Haske ta take mini ƙafa har na ga taurari.

Madam Hamida ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Inna, kina so in duba?"

Tsohuwa ta dubi gadon, ta dubi na'urar. Sannan ta miƙa mini sandarta ta hau gadon da kanta. Anka shafa, anka ɗora na'ura. Madam Hamida ta juyo mata da allon, ta nuna mata da yatsa, ta yi mata magana ƙasa ƙasa yadda ba mu ji ba. Inna Dodo ta sauko ta gyara zane. Tun daga likita har gida, bisa amalanke, magana ɗaya ta yi: "Ashe ba kowa."

Hamani ya iso bayan kwana biyu, da ƙurar ƙasa uku a gemunsa. Bai dubi ɗakin matarsa ba. Ya wuce rumfar uwarsa ya zauna, Rakiya na gefe, maƙwabta sun cika bakin darni kowa na yin kamar ya zo aron rariya. Na kawo takardar da Madam Hamida ta rubuta na fara karantawa ina tuntuɓe da Faransanci. Ya ɗaga hannu.

"Zuwaira, ke kinka kunna wutar, ke kuma za ki kawo ruwa? Bakin taubashiya ba shaida ba ne. Takarda kuwa, a Abijan na ga an rubuta wa mai rai takardar mutuwa."

Haske na tsaye ƙofar ɗakinta, ƙullin kayanta a ɗaure bayanta. Ba ta roƙi kowa ba.

Sai Inna Dodo ta tashi ta shiga ɗaki. Munka ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da wani zanen goyo na saƙi, baƙi da ratsin fari, sabo ful, ninkinsa har ya yi layi don daɗewa. Ta ajiye shi gaban ɗanta.

"Ka san wanga?"

Hamani ya ce, "Na ƙanena ne. Wanda ya kwanta."

"Kai kas sayo mini shi, tahiyarka ta hwarko. Kowace shekara kana aiko da kuɗin rubutu da na saiwa don a tada shi. To babu shi. Ba a taɓa yin shi ba. Na gani da idona cikin allon likita. Abin da yas same ni shi yas samu matarka, shi ka samun kowace mace in ta kai. Ni ba wadda tag gaya mini, na yi shekara ashirin da huɗu ina kwana gehe guda kada in danne shi." Ta juya wajen darni ta ɗaga murya. "Ku kuma tsohin banza da ke laɓe nan, wacce cikinku ba ta yi zuhwan ga ba? Kunka yi shiru za a kore ta!"

Bayan darni ba ka jin komi sai tari.

Hamani ya dubi zanen, ya dubi uwarsa, bakinsa a buɗe har ƙuda ya yi shawagi ya fasa shiga. Mutumin da ya taso da labarin Haske a ransa tun daga Abijan, ga shi an yi masa rasuwar ƙanen da ya shekara ashirin da huɗu yana jira. Ya share ido da hannun riga. Ya miƙe ya nufi matarsa, ya kai hannu zai ɗauki ƙullin kayan ya mai da ɗaki.

Haske ta taka ƙullin da ƙafa.

"Tsaya, maigida. Da murya anka kore ni, gaban kowa. Da murya za a mai da ni."

Randar ƙarƙashin rumfa ce fa ke magana! Hamani ya laluba aljihu ya fiddo waya. Rakiya ta so zamewa, Inna Dodo ta tare ta da sanda. Nan tsakar gida, gaban masu aron rariya, ya danna ya yi magana: shi Hamani, ya zargi matarsa bisa abin da ba ta yi ba, likita ta duba, uwarsa ta shaida, yana neman gafararta. Haske ta sa ya sake, ta ce na farko muryarsa ba ta fita ba. Rakiya ta aika wa duk wanda ya ji na farko, ɗaya bayan ɗaya, Haske na tsaye kanta tana fifita da faifai.

Sai da anka gama ta ɗauke ƙafa daga kan ƙullin.

Yanzu in ka je tasha za ka gan ta gindin bedi, da gorar ruwa a gefe, da zanen saƙi baƙi mai ratsin fari rataye a wuya. Inna Dodo ta ba ta, ta ce tun da bai goyi kowa ba, ya share zufa. A bangon ɗakinta akwai zane-zanen gawayi, kowane wata ɗaya. Sun kai bakwai sau ɗaya, baƙon ya komo ɗaukar takalmi, ta goge ta sake farawa. Kuma ciniki ya canza kama: mata masu furfura ɗaya ɗaya sukan zo sayen kopto, su daɗe tsugune, murya ƙasa, kopton na hannu ba a ci ba. Takan ji su, ta ce, "Ba iska ba ne, ba ciki ba ne. Amma tahi a duba ki."

Ni kuwa wata uku ta yi ba ta amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Sai ran nan ina zaune nesa kaɗan da tasarta, iska na kaɗawa, na ji wani abu ya taso mini daga ƙirji kamar an buɗe tanda. Na fizge kallabi. Ta ɗago kai ta dube ni tun daga goshi har wuya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta cillo mini faifai, ta ɗaga muryar da duk masu facin taya sunka ji:

"Uwargijiyata! Bana kwana nawa za ki rama?"